Girkin Talabijin da Tukunyar Gida: Wa Ya Kamata a Bi?

"Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya. Ni matar aure ce a Makka, ba a daɗe da kawo ni daga Kano ba, kuma gidan da na shigo mutane ne da suka saba da abincin Larabawa tun zamanin kakanni. Don gudun jin kunya na duƙufa kallon shirye-shiryen girki a tashoshin talabijin na Fatafeat da CBC Sofra da MBC, ina rubuta komai a littafi. Amma sau da yawa idan na bi abin da shef ya faɗa daki-daki, sai shinkafata ta caɓe ko ta ƙi nuna, kazar kuma ba ta yin ja irin tasu. Surukata ta ce in daina ɓata lokaci, wai waɗannan 'yan wasan kwaikwayo ne, ba masu girki ba. Ke da kika daɗe a wannan sana'a, mene ne ra'ayinki a kan shirye-shiryen nan da masu gabatar da su? Akwai wanda za ki ce in riƙe, ko in haƙura da su gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya sa kin shiga a sa'a, ya ba ku zaman lafiya. Idan na fahimce ki, kina son sanin ko mutanen da kike gani a allo sun iya girki da gaske, sannan kina son sanin dalilin da ya sa naki ba ya fitowa kamar nasu alhali ba ki tsallake komai ba. Zan amsa miki ne a matsayina na mace da ta daɗe tana dafa abincin biki da walima tsakanin Makka da Jidda, take kuma shiga madafar ciyar da alhazai idan lokacin aikin Hajji ya zo. Ra'ayina shi ne, yawancin sanannun masu gabatarwar nan sun iya girki, wasunsu ma gwanaye ne na gaske, amma shirin talabijin ba don ya koyar da ke aka tsara shi ba. An tsara shi ne don ya riƙe idonki har a gama talla. Koyarwa tana shigowa ne gwargwadon halin wanda ke tsaye gaban kyamara, shi ya sa za ki ga shef biyu a tasha ɗaya, ɗaya ki tashi da ilimi, ɗaya ki tashi da kwaɗayi kawai.

Yana da kyau ki san yadda abin ya kai haka. A shekarun 1990 shirin girki a tashoshin Larabawa abu ne da ake jira, domin ba shi da yawa. Shef Ramzi na Lebanon ya fara nasa a tashar Future a 1994, kai tsaye yake yi, mata suna bugo waya daga ƙasashe daban-daban suna tambayarsa, yana amsawa hannunsa na cikin aiki. Usama Sayyid na Masar ya yi suna a MBC kafin ya koma tashar Dubai, Manal Al-Alem kuma ta shahara a tashar Abu Dhabi. Daga baya sai aka shiga zamanin tashoshin da ba su da wani aiki sai girki dare da rana: Fatafeat ta buɗe a 2006, kamfanin Discovery na Amurka ya saye ta a 2012, CBC Sofra ta biyo baya a Alƙahira a 2014. Tashar da dole ta cika awa 24 da girki ba za ta iya jiran a gwada kowane abinci sau da sau kafin a nuna shi ba, don haka yawa ya ƙaru, tacewa ta ragu. Wannan ne ya sa maganar surukarki take da ƙanshin gaskiya, ko da yake ta yi wa kowa kuɗin goro.

Abin da kyamara ba ta nuna miki

An taɓa ɗaukar mu, ni da wasu abokan aikina, mu yi hidimar bayan fage a wani shirin girki na azumi da aka naɗa a Jidda, kuma abin da na gani a can ya ishe ni fahimtar sauran. Tun kafin mai gabatarwa ya iso mun riga mun yanka albasa, mun jiƙa shinkafa, mun tafasa nama, mun zuba kowane kayan ƙamshi a ɗan kwanonsa. Kowane abinci kuma ba tukunya ɗaya ake masa ba: akwai wadda za a fara a gaban kyamara, akwai wadda ta kai rabi tana jira a gefe, akwai wadda ta nuna tun da safe, ita ce ake buɗewa a ce ga shi ya yi. Ba na kiran wannan ha'inci, domin shirin minti 30 ba zai iya zaman jiran naman rago da ke buƙatar awa ɗaya da rabi a wuta ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, ɓangaren da ake yankewa shi ne ainihin girkin. Zuba kaya a tukunya kowa ya iya. Abin da ke raba mai girki da wadda ba ta iya ba yana faruwa ne a mintunan jiran nan, lokacin da ake duba launin albasa, ake sauraron ƙarar mai, ake rage wuta ko a ƙara ta, ake ɗanɗanawa a gyara gishiri, kuma waɗannan su ne mai tace hoto yake zubarwa saboda ba su da daɗin kallo.

Ki ɗauki albasar kabsa ko ta bukhari, wato dafa-dukan shinkafa da nama irin na Saudiyya. A allo za ki ga an zuba ta, an juya sau biyu, sai ga ta ta yi launin zinariya. A murhun gida, albasa babba biyu tana cin minti 15 zuwa 20 a matsakaiciyar wuta kafin ta kai wannan launi, kuma daga nan ne zaƙin shinkafar da launinta suke fitowa. Haka tumatirin gwangwani, sai an soya shi har tsaminsa ya fita, mai ya taso sama, kamar dai yadda kika sani a miyar dage-dage ta gida. Wadda ta bi saurin talabijin a waɗannan matakai biyu za ta zuba dukan kayan da aka lissafa, amma abincin ya fito salam.

Jan kazar da ya dame ki kuwa ba sirri ba ne. Kazar da aka dafa cikin romo ba ta yin ja a cikin tukunya, ko wane ne ya dafa ta. Tsamo ta ake yi, a bar ta ta tsane har fatar ta bushe, a shafa mata ɗan mai da tumatir ko jan barkono mara yaji, sannan a sa ta ƙarƙashin wutar sama ta tanda na 'yan mintuna. Muddin fata tana da danshi, zafinta ba ya wuce digiri 100, gasuwar da ke kawo launi kuwa sai zafi ya haura wajen digiri 140 take farawa. Idan kika ƙara da cewa kazar firiza tana zubar da ruwa fiye da yankan ranar, kuma kafin a ɗauki hoton ƙarshe ana sake goga wa naman mai a haska shi da fitilu masu ƙarfi, za ki gane cewa kina gwada kazarki ne da wadda aka yi wa kwalliya.

Dalilin caɓewar shinkafa

A nan zan ɗan tsaya, domin na fi zaton a nan matsalarki take. Kalmar shinkafa a bakin shef tana nufin irin da aka saba da ita a ƙasarsa, kuma galibi ba ya ganin buƙatar ya fayyace. Bamasare idan ya ce shinkafa, gajeruwar nan ta Masar yake nufi, wadda ake fara soyawa da man shanu, take shan ruwa kusan daidai da yawanta. A nan Saudiyya kuwa abin da ke cikin buhunan gidaje yawanci basmati ce, ita ma iri biyu. Akwai bishawar, fara mai ƙamshi, wadda ake jiƙawa minti 20 zuwa 30, take neman ruwa kamar kofi ɗaya da rabi ga kowane kofi, kuma ba ta son a dame ta da ludayi, domin da an juya ta sau biyu take kakkaryewa. Akwai kuma mazza, mai ɗan launin ɗorawa, wadda aka turara da ƙaiƙayinta tun a masana'anta. Ita tana son doguwar jiƙa, tana shan ruwa fiye da bishawar, amma tana da haƙuri, ba ta saurin caɓewa, shi ya sa mu masu dafa abincin taro muka fi riƙe ta. Ke kuma kin taso ne da shinkafar gida wadda ake tafasawa a wanke a sake mayarwa, wadda ba a cika auna mata ruwa ba. Idan kika ɗauki awon Bamasare kika ɗora a kan mazza, za ta fito cikinta bai nuna ba. Idan kika ɗauki awon mazza kika ɗora a kan bishawar, tuwo za ki sauke. Kin ga laifin ba na hannunki ba ne, kuma ba lallai shef ya yi ƙarya ba.

Sai batun kofi. Kofin awo da masu girkin zamani suke nufi yana ɗaukar kusan mililita 240, babban cokalinsu 15, ƙarami 5. Kofin shayin gidajenmu bai kai haka ba, wani ma bai fi rabinsa ba. Idan da kofi ɗaya kika auna shinkafa da ruwa, lissafin tsakaninsu ba zai lalace ba, amma gishiri da mai da nama da aka faɗa miki da cokali ko da kilo za su rinjayi shinkafar. Akwai kuma abin da ban taɓa jin wani shiri ya tsaya ya bayyana da kyau ba, wato ruwan da shinkafa take sha daban, wanda yake tashi ya zama tururi daban. Na farkon yana bin yawan shinkafa, na biyun yana bin faɗin bakin tukunya da ƙarfin wuta da yadda murfi ya zauna. Saboda haka idan shef ya dafa kofi 2 ke kuma gidanku na cin kofi 8, ninka ruwan sau huɗu cif zai yi yawa. Mu da muke juye buhu guda a tukunya, ruwan da muke ba kowane awo ya yi ƙasa sosai da na mai dafa wa mutum uku. Kada kuma ki manta cewa ruwan tumatir da romon kaza duk ruwa ne, dole su shiga lissafi.

Wuta ita ma tana da nata. Yawancin ɗakunan ɗaukar shiri suna aiki da tukwane masu kaurin gindi a kan murhu mai raba zafi daidai, gidajenmu kuwa gas ne da tukunyar alminiyam wadda ke ƙona tsakiya ta bar gefe. Maganin da muke yi shi ne, da zarar ruwa ya janye har ramuka sun fara bayyana a saman shinkafa, sai a mayar da wuta can ƙasa, a sa wani faifan ƙarfe a ƙarƙashin tukunya, a rufe bakin da takardar alminiyam kafin a ɗora murfi, a ƙyale ta minti 15 zuwa 20 ba buɗewa. Har wurin zama yana da tasiri: idan kuka hau Ɗa'ifa hutu, inda tudun ya kai kusan mita 1,800, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 94, don haka wake da nama da shinkafa duk sai sun ƙara lokaci a kan wanda kika saba a Makka.

Kafin in zo kan mutane, ki riƙa tuna wanda ya biya kuɗin shirin. Idan kika ga kowane abinci, har wanda kakanni suka dafa da ruwa da gishiri, an antaya masa gishɗa ta gwangwani, wato kirim ɗin madara, ko cuku ko madara mai kauri, musamman a watan azumi, to ki dubi sunan da ke rubuce a jikin rigar girkin ko a kan kantar da ke bayan shef. Haka dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. A gidan da akwai dattawa masu hawan jini ko ciwon suga, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ni idan na ga kayan mai talla a cikin jeri, tambayar da nake yi ita ce ko abincin zai tsaya ba tare da shi ba, kuma mafi yawan lokuta yana tsayawa.

Masu gabatarwar

Iyakar hukuncina a kansu ita ce koyarwarsu, domin ɗanɗano ba ya ratso gilashi, kuma lumshe idon da baƙon shiri yake yi idan ya kai loma ba shaida ba ce. Da wannan ma'auni, ga wadda take farawa na fi nuna mata Manal Al-Alem. Tana aunawa, tana faɗin awon a sarari, tana girki daidai cin iyali, kuma a harkar ƙulli da kayan zaƙi abin da ta faɗa yakan fito idan aka bi shi. Sai dai tushenta abincin Sham ne, na Jodan da Falasɗinu da maƙwabtansu. Usama Sayyid kuma mai girkin otal ne, abin da nake so a wurinsa shi ne yakan faɗi dalili, ya gaya miki me ya sa ake barin nama ya huta kafin a yanka, ko me ya sa ba a cika kasko da yawa idan ana suya, kuma dalili ɗaya irin wannan ya fi jerin kayan haɗi goma amfani, domin yana bin ki zuwa kowane girki. Aibinsa a wurina shi ne wani lokaci yakan nemi kayan da sai an je manyan kantuna. Shef Ramzi, wanda ya rasu a 2023, darajar tsoffin shirye-shiryensa ita ce kai tsaye aka yi su, babu damar yanke kuskure, kuma tambayoyin da mata suke bugowa su ne irin naki.

A ɓangaren Masarawa, Najla Sharshabi ta CBC Sofra ta gina shirinta a kan girki daidai ƙarfin aljihu, tana koyar da yadda ake adana kaya a firiza da yadda ragowar jiya take zama abincin yau, wanda matar gida ta fi buƙata fiye da ado. Kafin ita an yi Galiya Mahmud, matar unguwar talakawa a Alƙahira da ta fito a wata tasha a 2011 da tukwanenta na alminiyam, ba ma'auni ba rigar shef, mutane kuma suka so ta saboda sun ga madafarsu a allo. Shef Sharbini gwani ne kuma kallonsa akwai nishaɗi, amma hannunsa yana da nauyi a man shanu da nama, girkinsa na ranar baƙi ne, wadda ta mayar da shi na kullum za ta ji a jikinta da aljihun maigida.

Gasa irin Top Chef da MBC take nunawa tun 2016 kuwa, ki kalle ta yadda ake kallon ƙwallo. Ba za ki koyi kabsa a can ba, domin abin da ake aunawa shi ne sauri da ƙirƙira da tsara faranti. Duk da haka ba na raina ta. Ganin Muna Musli, 'yar ƙasar nan, zaune a kujerar alƙalanci tare da Marun Shadid da Bobby Chinn ya sa iyaye da dama sun fara ɗaukar girki a matsayin sana'ar da 'ya mace za ta karanta ta ci abinci da ita, mu da muka shiga aikin a lokacin da ake ganinsa na marasa galihu mun san girman wannan canji. Abin da ba na so a irin waɗannan gasanni, musamman na Turawa irin na Gordon Ramsay, shi ne tsawa da cin fuska da watsi da abinci. Na ga matasan da suka shigo madafa suna zaton haka gwaninta take. Madafar da ake ciyar da dubban alhazai shiru take so da tsari, mai ihu yakan kasance shi ne wanda aikinsa ya kwance.

Amma ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci a gare ki. Duk waɗanda na lissafa masu koyarwa, babu ɗan Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda, a cikinsu, ke kuwa gidan Makkawa kika shigo. Abin da harshensu ya saba da shi shi ne salik, wato shinkafar da ake dafawa da madara har ta yi laushi, da bukhari, da mantu da yagmush, wato ƙullin fulawa mai nama a ciki, da shorbar hatsi ta buɗa-baki, da ma'asub na safe, wato kwaɓin ayaba da gurasa, da dibyaza ta ranar salla, wadda ake yi da busassun 'ya'yan itace. Kabsar shef ɗan Alƙahira ko Beirut kabsar baƙo ce, ko ta yi daɗi mutanen gidanku za su ji wani abu ya kauce, wataƙila busasshen lemun tsami ne ya yi kaɗan, wataƙila an sa kayan ƙamshin da ba nasu ba. Wadda ta san yadda ake so a gidan nan tana tare da ke, ita ce surukarki.

Kada kuma kallon allo ya sa ki ɗauka abincin da kika zo da shi ba abin fitarwa ba ne. Sairiyar da Makkawa suke alfahari da ita tsiren kakanninmu ne da suka zo aikin Hajji suka zauna, haka agashe a Sudan, amma da wuya ki ga tashoshin nan sun ba su wuri, idan ma sun taɓa su sai su yi da man gyaɗa na kwalba a maimakon garin ƙuli-ƙuli, abin ya fito da danƙo. Ma'aikatar Al'adu ta nan ta kafa hukumar kula da fasahar girki a 2020, wadda ta ayyana jarish, wato faten barzajjiyar alkama, a matsayin abincin ƙasa a 2023, kuma ina fatan wannan aikin tattara abincin yankuna zai kai ga abin da zuriyar Hausawa suka ƙara wa teburin Hijaz. Don girkin gida kina da shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24, ana samunsa a intanet, sai dai shi ma ki tace, domin tattasai da attaruhun nan ba su da ƙarfin na Kano. Daddawa da kuka da yaji ba sa yankewa a wajen Sharar Mansur, wato titin Mansur da ke nan Makka, busasshiyar kuɓewa kuma ko a shagunan Sudanawa akwai. Na sha ganin gidajen da suka yi zuriya uku a Makka suna rububin masa da miyar taushe idan aka samu mai iya yi.

Yadda za ki tantance da kanki

Hanya mafi sauƙi ta gwada kowane shef ita ce ki nemi inda ya dafa abin da kin riga kin iya shi sosai, ko da soyayyen ƙwai ne ko farfesun kaza. Idan a nan kika ga ya tsallake abin da kin san dole ne, to a abin da ba ki sani ba ma haka yake yi. Ki kuma lura ko yana ba ki alama ko lokaci kawai yake faɗa. Wanda ya ce a dafa minti goma bai san murhunki ba, wanda ya ce a dafa har mai ya rabu da tumatir, ko har ƙwayar shinkafa ta murƙushe tsakanin yatsu ba tare da farin tsakiya ba, ya ba ki abin da zai yi aiki a ko'ina. Ki dubi tsabtarsa: wanda ya yanka ɗanyar kaza ya goge hannu a tawul ya koma kan salak a katako ɗaya, ni daga nan nake sauya tasha. Kaza ba ta nuna ba sai zafin cikinta ya kai digiri 74, dafaffiyar shinkafa kuma ba a barin ta a waje fiye da awa biyu, balle a zafin Makka, kuma waɗannan su ne dokokin da ake kama mu da su a madafar alhazai, alhali shirye-shirye ba su cika ambatonsu ba.

Inda zan ja baya shi ne kek da burodi da sauran kayan tanda. Ni mai babbar tukunya ce, a wannan fanni masu aunawa sun fi ni, kuma a nan ƙiyasin ido yana cutarwa, domin kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120 ko 150 gwargwadon yadda aka danna shi. Idan kina son wannan ɓangare, ki sayi ƙaramin sikeli da ma'aunin zafin tanda, ki bi shef ɗin da ke faɗin nauyi da giram, ki kuma sani cewa 350 da Amurkawa suke faɗa shi ne digiri 180 a namu lissafin. Abincin mara lafiya kuma maganar likita ce, ba ta shef ba, ba tawa ba.

Game da surukarki, shawarata ita ce kada ki tsaya kare talabijin a gabanta, babu ribar da za ki ci. Ki same ta a lokacin da take cikin nishaɗi ki ce, Umma, ina so ki nuna mini yadda ake yin salik a gidan nan. Za ta ce miki ita ba ta aunawa, kuma gaskiya ta faɗa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da za ki yi shi ne, duk abin da ta ɗebo da hannu, ki roƙe ta ta zuba a kofi ko cokali tukuna ki ga inda ya tsaya, ki rubuta, sannan ya shiga tukunya, ki kuma rubuta irin shinkafar da tukunyar da aka yi amfani da su. Salik na zaɓar miki da gangan, domin shi laushi ake nema, ƙarin ruwa ba ya ɓata shi. Idan ya zauna a hannunki sai ki wuce bukhari da shinkafar mazza, kilo ɗaya, a ranar da ba a sa ran baƙi, bishawar kuma ki ajiye ta sai kin san halin murhunki.